Gwaggo Tikiti da Direban Jirgin Rana

Yaran unguwa ba su san ta da wani suna ba sai Gwaggo Tikiti, alhali yawancinsu ba su taɓa riƙe tikitin jirgin ƙasa a hannu ba. Su dai sun taso sun tarar da wata tsohuwa siririya, mai tabarau da aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare, ba ta da ɗa ba ta da jika, amma duk yaron da ya yi ɓarna a gida bayanta yake zuwa ya ɓuya. Manya kuwa, waɗanda suka san tashar lokacin tana tasha, sun san cewa kafin ta zama Gwaggo, 'Yar Taga ake ce mata. Akwai zamanin da maza kan bar taga ta ɗaya ko da babu kowa a gabanta, su zo su bi dogon layin taga ta biyu, don kawai su ji ta ce, "Ina za ka, Malam?"

Mahaifinta leburan layin dogo ne, ya rasu a shekarar da ta gama sakandare. Shugaban tasha ya zo gaisuwa, ya ga halin da aka bar gidan, ya ji kuma an ce yarinyar tana da kai, sai ya ce ta zo ta gwada zama a taga. Inna, mahaifiyarta, ta ce sam, ina ita ina aiki a tsakiyar 'yan dako da matafiya. Yayarta ce ta shiga tsakani. Ita Yaya ta daɗe a gidan miji, bakinta kuma ba ya tsoron kowa.

"Inna, ai a bayan ƙarfe za ta zauna, ko hannunta ba mai iya kamawa. Ki bar ta ta je, ko kina so mu ci bango ne?"

Haka ta fara. Ɗakin sayar da tikiti ɗan ƙarami ne, mutum biyu in suka juya a tare sai sun gogi juna. Katakon gaban tagar ya yi sulɓi saboda gwiwar hannun mutane, akwai wata fanka a sama mai juyawa kamar tana jin barci, da na'urar buga kwanan wata wadda sai an danna ta da ƙarfi take cewa ƙaras. Warin baƙin mai da na ɓawon lemo ba sa barin wurin. Ta so aikin nan ƙwarai. Ta san mai tafiya biki daga mai tafiya asibiti tun kafin ya buɗe baki, ta san tsohuwar da za ta tambayi lokacin jirgi har sau uku, ta iya lallashin ɗan kasuwar da jirgi ya bari yana ta zage-zage. Duniya ce take wucewa ta gabanta, ita kuma tana zaune a inuwa tana kallo.

Jirgin rana yakan zo sau biyu a mako, ya tsaya ya jira wani jirgin da za su yi kiciɓis ya wuce, wani lokaci jiran ya yi tsawo har fasinjoji su sauko su shimfiɗa zane a ƙarƙashin bishiya. Direbansa wani mutum ne mai faɗin kafaɗa, furfura ta fara taɓa masa gefen kunne, ana ce masa Sannu-Sannu. Sunan ya samo asali ne daga yadda yake shigo da jirgi tasha, a hankali, har aka ce mai shan shayi a tarago ba ya sanin an tsaya. Maganarsa ma haka take, sai ya gama auna kalma kafin ya sake ta.

Ranar da ya fara yi mata magana, ruwan zafi ya zo nema. Ya ɗora wani koren filas a kan katakon tagar ya ce, "Ranki ya daɗe, ba tikiti na zo saya ba, ni nake jan abin. An ce kina da butar lantarki. Uwar 'yan biyu ta zuba mini ganyen shayi da sukari, ta manta da ruwan."

"Ita ta manta, ko kai ka shanye a hanya?"

Ya tsaya yana kallonta, can ya ce, "Wannan tagar alƙali aka sa a cikinta ashe."

Don haka ba za ta taɓa cewa an yaudare ta ba. A jimlarsa ta farko ya ambaci matarsa da 'ya'yansa. Ta sani, kuma da farko sanin ne ma ya sa ta saki jiki, don tana ganin mutum mai iyali kamar kawu ne, ba abin tsoro ba. Ya riƙa zuwa neman ruwan zafi ko da filas ɗinsa cike yake. Ya riƙa kawo mata ƙananan abubuwa daga tashoshin da ba ta taɓa zuwa ba: mangwaro guda ɗaya da ya ce ya fi na garinsu, mataji mai ruwan hoda, wani dutse mai sheƙi da ya tsinta a bakin gada. Ya gyara mata fankar. Ya ba ta labarin giwar da ta taɓa tare masa hanya, da yadda ya sauko ya ba ta haƙuri har ta matsa, ita kuma ta yi dariya har shugaban tasha ya leƙo ya ga ko lafiya. Samarin da suka saba zuwa wurinta duk kansu suke yabo. Shi wannan tambaya yake yi, ya kuma tsaya ya saurari amsa. Tun rasuwar mahaifinta ba wanda ya tambaye ta ko ta gaji.

Ba ta san ranar da abin ya sauya ba. Ta dai lura cewa ranar jirgin rana takan daɗe a gaban madubi, kuma tana jin kukan jirgin daga nesa sai ta hau gyara ɗaurin ɗankwali. Daga hira ta taga suka koma hira a ɗakin ajiyar kaya, a kan buhunan wasu mutane. Da aka sauya masa tsarin aiki, ya zama yana yini a garin ya koma da jirgin washegari, sai ya kama wani ɗaki a ƙetaren layin dogo, a bayan shagon wani kafinta kurma. Ya ce masaukin direbobi ya cika hayaniya. Ita ma ta yi kamar ta yarda da wannan dalilin.

Ɗakin nan, har ta tsufa, in ta rufe ido tana ganinsa. Labule shuɗi da ita ta ɗinka, gadon ƙarfe, rediyo ƙarama, kofuna biyu da ba su yi kama da juna ba. Ƙanshin katako sabon fiƙa yana shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, zarto yana ta kai da komo a waje. Takan tashi daga aiki da la'asar ta ce wa Inna akwai ragowar aiki a ofis. A can yakan cire takalmansa masu nauyi, ya miƙe ƙafa, ta matse masa lemo, ya karanta mata jarida yana ƙara nasa ƙarya a cikin labarin don ya ga ko za ta gane. Ta yi farin ciki a ɗakin nan, irin farin cikin da ba ta sake samun kamarsa ba, kuma wannan ne abin da ya fi ba ta wahalar faɗa daga baya, don mutane sun fi so su ji cewa tun farko baƙin ciki ne.

Amma yini biyu ne kawai a mako. Sauran kwanakin na jira ne. Ba ta da ikon kiransa, ba ta da ikon tambayar kowa lafiyarsa. In jirgi ya zo da wani direban, sai ta yi ta sayar da tikiti, ba ta sani ba ko hutu ya ɗauka ko yana kwance. Ta koyi ƙarya, ta kuma ga ta iya, abin ya ba ta tsoro. Ta rage zuwa wurin ƙawayenta, don hirarsu duk ta miji ce da 'ya'ya, ita kuma abin da ya cika mata zuciya ba ya faɗuwa. In ana zagin wata a unguwa kan irin wannan hali, sai ta tashi ta ce za ta duba tukunya.

Matar kuwa ba ta taɓa ganinta ba, amma ta san hannunta. Ta san irin karin gugar da take yi wa hannun riga. Ta san ɗinkinta a wuyan rigar da ya fara cinyewa, ƙanana a jere kamar haƙoran jariri. Wata rana maɓallinsa ya cire a ɗakin, ta ɗauko allura za ta mayar, sai ya riƙe mata hannu ya ce, "Bar shi, za ta gane ba ɗinkinta ba ne." Ta yi dariya a lokacin. Da ta koma gida sai ta kasa cin abinci.

Maganar aure ya yi ta, ba sau ɗaya ba. Ya ce bari 'yan biyu su ɗan tasa. Da suka tasa, ya ce uwarsu ba ta da lafiya, ba yanzu ba. Da ta warke, ya ce surukinsa, wanda shi ya riƙe shi tun yana maraya ya kuma sama masa aikin jirgi, ya tsufa ƙwarai, ba zai iya kallon idonsa da wannan magana ba. Ba ƙarya yake yi ba, kowane dalili gaskiya ne. Shi dai mutum ne da ba ya iya ɓata wa kowa rai a gaban idonsa, don haka ya ɓata wa kowa a bayan ido.

A cikin wannan hali wani mai kemis ya fito neman aurenta, mutum mai natsuwa, shagonsa yana kan titin asibiti. Inna ta yi murna har ta fara tsara ɗaki a ranta. 'Yar Taga ta ce ba ta so. Aka tambaye ta dalili, ta ce warin magani yake yi. A ranar Yaya ta biyo ta har bayan gida inda take wanki, ta tsaya a kanta ta riƙe ƙugu.

"Warin magani ko? Shi wancan na ƙetaren layi turaren me yake yi, baƙin mai?"

Sabulu ya suɓuce daga hannunta.

"Kin ɗauka garin nan makafi ne? Mijina da kansa ya gan ki kina shiga lungun kafinta. Ni na rantse masa cewa kujera kika kai gyara. Na yi ƙarya saboda ke, ƙanwata, ni da ban taɓa yi wa mutumin nan ƙarya ba."

"Yaya, zai aure ni."

"Yaushe? Ran da jirgi ya fara tashi sama? Ke, mijin wata ne. Wata tana can tana wanke masa riga kamar yadda kike wanke wannan."

"Na sani."

"Ba ki sani ba. Da kin sani da ba ki iya barci."

Ta ɗaga kai ta ce, "Wa ya ce miki ina barci?"

Yaya ta juya ta tafi. Ba ta gaya wa Inna ba, amma daga ranar ta daina aiko 'ya'yanta su yi hutu a wurinta, gaisuwarsu ta koma ta baki kawai. Mai kemis ya auri wata malamar makaranta. 'Yar Taga ta sayar musu da tikiti lokacin da za su kai ɗansu na fari wurin kakanni.

Shekaru suka tafi a haka, har sun fi ƙarfin a kira abin kuskuren ƙuruciya. Sai wata rana da zafi, jirgin safe ya lalace a tasharsu, fasinjoji suka cika ɗakin jira. Wata mata gajera, mai wushirya, ta zo taga a ruɗe ta ce don Allah ko akwai ruwan sanyi, 'yarta ce zazzaɓi ya rufe. 'Yar Taga ta buɗe ƙofar gefe ta ce su shigo ƙarƙashin fanka. Matar ta shigo da 'yan mata biyu masu kama ɗaya, ɗaya tana jingine da kafaɗar ɗaya. Tana ganin faɗin goshinsu da yadda suke lumshe ido kafin su yi magana, ta san ko 'ya'yan wane ne. Ta ba su kujerarta, ta jiƙa ɗankwali ta ɗora wa yarinyar a goshi, ta aika aka sayo magani.

Da zazzaɓin ya sauka, matar ta saki jiki ta shiga hira, ashe mai surutu ce da ban dariya.

"Ke ce 'Yar Taga ko? Ai na san ki a baki. Baban 'yan biyu yakan ce duk layin nan babu mai kirki irin ta taga ta biyu. Na ce to Allah Ya sa ba ruwan zafinki yake ƙarar miki ba, don mutumin nan da shayi sai addu'a."

Ta ba ta labarin yadda ƙaton mutumin nan yake tsoron ƙadangare, da yadda ya yi kuka ranar da aka haifi 'yan biyu har ungozoma ta kore shi waje. 'Yan matan suka sa baki suka ce, "Mama, ba ki gaya mata na giwa ba," suka kwashe da dariya su uku, suka ce duk shekara giwar ƙara girma take yi. 'Yar Taga ta yi dariya tare da su. Ta daɗe tana ɗaukar labarin giwar nan nata ne ita kaɗai.

Da aka gyara jirgi, matar ta kama hannunta da hannu biyu ta ce, "Allah Ya ba ki miji nagari, ƙanwata. Irinku ba a barinsu a taga." Babu komai a fuskarta sai godiya.

Kafin wannan rana, matar inuwa ce kawai, ana iya tura ta gefe a shiga ɗaki a rufe ƙofa. Yanzu ta yi fuska, ta yi murya, ta yi wushirya. 'Yar Taga ta ci gaba da zuwa lungun kafinta na ɗan lokaci, amma ko lemo take matsewa sai ta ji dariyar matar a kunnenta. Rannan Sannu-Sannu ya cire takalmi ya miƙe ƙafa kamar kullum, ita kuma ta ƙi zama.

"Na ga iyalinka," in ji ta.

"Ta gaya mini. Ta ce kin yi musu hidima."

"Ba zan sake zuwa nan ba."

Ya daɗe yana kallon ƙasa. Ya ce ta ba shi lokaci kaɗan, ta ce lokacin da take da shi duk ta riga ta ba shi. Ya yi kuka, kukan gaske, ya ce ya cuce ta, ta ce da ƙafarta ta zo. Amma da ta kai bakin ƙofa ta waiwaya, sai ta ga kafaɗunsa sun sauka, kamar ɗan dako da aka sauke wa kaya. Bai san ta gani ba. Duk cikin abin da ya faru tsakaninsu, wannan ne ya fi daɗewa yana yi mata ciwo. Ba da jimawa ba ya nemi a mayar da shi wani layin, aka mayar da shi.

Ta ɗauka in ta bari za ta ji sauƙi, irin na wanda ya yi abin da ya dace. Ba ta ji ba. Jiran da ta saba yi ya rasa abin jira, ya zauna mata a ƙirji haka nan. Ta rame, ta zama mai saurin faɗa da fasinja. Wata rana ta ji haushinsa, wata rana ta ji haushin kanta, wata rana kuma ba abin da take so illa ta ji ƙarar takalmansa a kan dakalin tasha. Ba wanda ya yi mata sannu, don a idon duniya ba abin da ta rasa. Inna dai ta riƙa tura mata kwano gabanta tana cewa, "Ci, ko me ne ne zai wuce." Ba ta taɓa tambaya ba har ta koma ga Allah, kuma 'Yar Taga ba ta san iyakar abin da tsohuwar ta sani ba.

Labarin rasuwar Sannu-Sannu a bakin wani mai duba tikiti ta ji shi, yana faɗa wa shugaban tasha a bayanta, kamar yadda ake faɗin an ƙara kuɗin mai. Wai zuciya ce, yana zaune a ƙofar gida bayan ya yi ritaya. Akwai mutane a gaban tagarta. Ta ce wa na gaba, "Ina za ka, Malam?" ta danna na'ura ta ce ƙaras. Ma'aikatan tasha suka haɗu za su tafi gaisuwa, ita ta ce za ta tsare taga. Da wane suna za ta je? A wace tabarma za ta zauna?

Da ta tashi aiki ta fito, sai ta ga Yaya a tsaye a bakin ƙofar tasha da mayafinta a kafaɗa, ita da ta yi shekaru ba ta tako wurin ba. Yaya ta kama hannunta kamar lokacin da take kai ta makaranta, ta wuce da ita gidanta, ta kori yara waje, ta rufe ƙofar ɗaki.

"To, yi kukanki. Nan ba mai tambayarki ko shi wane ne naki."

Ta yi kuka har muryarta ta dushe, kanta a cinyar Yaya, Yaya tana bubbuga bayanta tana cewa, "Shashasha. Shashashar ƙanwata. Allah Ya jiƙansa, shi ma shashashan ne." Daga ranar yaran gidan Yaya suka dawo yin hutu a wurinta, a bakinsu ne ma sunan Gwaggo Tikiti ya fito.

Bayan wasu shekaru, gab da a daina jigilar fasinja a layin, wata dattijuwa ta tsaya a taga ta biyu. Ta yi ƙiba, haƙori ɗaya ya faɗi kusa da wushiryar. Ta ce za ta je ganin jika, ɗaya daga cikin 'yan biyu ce ta haihu. Suka gaisa, Gwaggo ta yi mata gaisuwar rashin da ba ta samu yi ba a lokacinsa. Matar ta karɓi tikitinta ta ƙulle a bakin zane, ta juya za ta tafi, sai ta dawo ta matso da fuskarta kusa da ƙarfen tagar.

"Bai sha wahala ba," in ji ta a hankali. "Yana cikin magana ne kawai ya jingina. Na daɗe ina so in gaya miki, na san za ki so ki sani."

Gwaggo ta buɗe baki za ta yi magana, matar ta ɗaga mata hannu.

"Ba sai kin ce komai ba. Na yi fushina na gama tun tuni, ni kaɗai a ɗakina. Ranar da kika jiƙa wa 'yata goshi, na zo ne da niyyar in ga fuskarki ko da jirgin bai lalace ba. Na gani." Ta gyara mayafi. "Sai wata rana, ƙanwata."

Ba su sake haɗuwa ba. Gwaggo takan ce da matar ta zage ta a gaban jama'a, da ta fi samun sauƙin ɗauka.

Da aka rufe tashar aka sallame su, ta koma koya wa yara karatu da lissafi a zauren gidan Yaya. A nan wani tsohon mai gyaran agogo, wanda matarsa ta rasu, ya riƙa kawo jikarsa, har ya kai ga yi mata maganar aure. Ta ce masa akwai abin da ya kamata ya sani game da ita. Ya ce shi a garin nan aka haife shi, kuma ba tarihi ya zo saya ba, abokiyar hira yake nema. Suka yi aure ba hayaniya. Mutumin kirki ne, mai tari da safe, mai son a yi masa ƙorafin gwiwa don shi ma ya yi nasa. Ba ta so shi irin wancan son ba, shi ma bai nema ba, amma a gidansa ta fara sanin daɗin a kira mutum da sunan matar wane a tsakiyar kasuwa ba tare da gabansa ya faɗi ba. 'Yan shekaru suka yi, ya rasu a hannunta. Wannan karon ta zauna a tsakar gida, mutane suka zo suka yi mata gaisuwa, ta amsa.

Yanzu su biyu ne suka rage, ita da Yaya, a gida ɗaya, ɗaki yana kallon ɗaki. Kullum sai sun yi faɗa, a kan wa ya bar murfin tulu a buɗe, ko wa ya fi wani tsufa a fuska. Rannan da hantsi suna zaune suna tsince shinkafa a faranti ɗaya, Yaya ta ce, ba tare da ta ɗaga kai ba, "Ni kam in tambaye ki. Da za a mayar da ke baya, za ki sake?"

Gwaggo ta daɗe tana tura tsakuwa gefe da ɗan yatsa.

"Ba zan sake ba. Na ci haƙƙin baiwar Allah, na ci nawa, har ke na ci naki." Ta gyara zaman tabarau. "Amma kar ki sa ni in ce ban ji daɗi ba, Yaya. Na tsufa da yin ƙarya."

"Wa ya sa ki? Ni tambaya na yi." Yaya ta ja farantin gabanta. "Kawo nan, ke ba gani kike yi ba, duk shinkafar kike zubarwa kina bar mana duwatsun."